Shaidar Ɗan Sanda A Kan Aikinsa

Ɗan sanda mutum ne wanda kowa ya san rigarsa, amma kaɗan ne suka san shi. Mai zuwa cin kasuwar Darki ya kan gan shi bakin hanya yana tsai da motoci. Mai shiga Kano ya kan gan shi a mararraba yana ba da hannu. Wanda tsautsayi ya faɗa wa kuwa ya kan gan shi bayan kanta a caji ofis, yana rubuta sunansa cikin babban littafi. Duk wannan hange ne, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Abin da ke cikin zuciyar mutumin sa'ad da ya ke tsaye nan, da abin da ya ke komawa gida da shi bayan ya tuɓe kaki, ba safai a kan sami mai ba da labarinsa ba.

Ko cikin littattafan hira na Hausa haka abin ya ke. Tun daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya cikin 1933, ɓarawo ya riga ɗan doka samun wurin zama. Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito cikin 1978, ya bi sawun yaron da ya bar ƙauye ya faɗa hannun miyagun birni. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya bi wani ƙasurgumin mugu ne tun daga tasowarsa har halakarsa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, shi ma na 1982, shi ne ya ɗan leƙa cikin ofis, gama ya nuna yadda kuɗin fasa-ƙwauri ke shiga tsakanin ma'aikacin kwastan da aikinsa. Cikin irin waɗannan littattafai mai laifi ke riƙe da linzamin labari. Mai kaki sai daga baya ya kan zo, ko dai da ankwa a hannu, ko kuwa da hannu a buɗe.

Akwai wani littafi na Ingilishi da ya juya al'amarin, ya ɗauki mai karatu ya shigar da shi cikin motar sintiri, ya zaunar da shi kusa da ɗan sanda har shekara biyar. Sunansa The New Centurions, an buga shi a Amurka cikin 1971. Ma'anar sunan ita ce sababbin shugabannin ɗari, watau irin hafsoshin nan na daular Rum ta dā, waɗanda ko wanensu ke riƙe da soja wajen ɗari. Ya cancanci a auna shi da ma'auni na gaskiya, domin alherinsa babba ne, kuma aibinsa ba ƙarami ba ne.

Mai Littafin Da Labarinsa

Wanda ya rubuta shi Joseph Wambaugh ne. An haife shi cikin 1937, ubansa ma ɗan sanda ne. Ya shiga aikin 'yan sandan birnin Los Anjeles, a jihar Kalifoniya, cikin 1960, ya yi shekara 14 yana aikin har ya kai saje cikin 'yan sandan ciki. Lokacin da littafin ya fito bai bar aiki ba tukuna, sai cikin 1974 ya ajiye. Ya rasu ran 28 ga Fabrairu, 2025, yana da shekara 88. Labarin ƙage ne, mutanen cikinsa ba su taɓa zama a duniya ba, amma titunan da ofisoshin da tarzomar da ta rufe labarin duk na gaske ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Labarin na kurata uku ne da suka shiga makarantar horo tare cikin 1960. Mai littafin ya kan juya daga wannan zuwa wancan, shekara bayan shekara, har zuwa Agusta 1965.

Na farko Serge Duran, tsohon soja, asalinsa mutumin Meksiko ne, amma da ya ke fari ne dogo sai ya bar mutane suna zaton Bature ne. Aiki ya kai shi unguwar da danginsa suka fi yawa, inda kullum ya ke jin harshen da ya ke gudu. Sai da ya sadu da wata yarinya mai aiki a gidan abinci, ana ce mata Mariana, kana ya daina jin kunyar asalinsa.

Na biyu Gus Plebesly, ɗan ƙaramin mutum mai kunya, wanda ya yi aure da ƙuruciya, ga 'ya'ya. Ba mai cim masa wajen gudu, amma ciwonsa ɗaya ne: yana tsoron kada ranar da abu ya ɓaci a tarar shi matsoraci ne. Aka haɗa shi sintiri da wani tsohon hannu mai suna Kilvinsky, wanda ya zame masa malami, ya kuma zame masa kamar uba.

Na uku Roy Fehler, wanda ya ɗan taɓa karatun jami'a. Shi a ganinsa ya fi abokan aikinsa sani, kuma ya shigo ne don ya ɗan ga yadda abin ya ke kafin ya koma karatu. Bai koma ba. Aurensa ya mutu, 'yan fashi suka harbe shi a ciki a wani kantin barasa, ya tashi da ƙyar, sa'an nan ya faɗa shan giya. Wata mace baƙar fata mai suna Laura ita ce ta tsamo shi.

Abin Yabo

Abu na farko da ya kamata a yaba shi ne mai littafin ya ƙi bin hanyar da aka saba. Littattafan 'yan sanda na Turawa galibi kacici-kacici ne: a tsinci gawa a babi na farko, wani mai basira ya bi sawu, a babi na ƙarshe ya nuna mai laifi da yatsa, kowa ya tafi gida da farin ciki. Nan babu gawar da a ke neman wanda ya kashe ta. Abin da ke akwai shi ne aikin yadda ya ke: rabon faɗa tsakanin miji da mata da tsakad dare, ɗaukar mashayi daga bakin titi, tsintar yaron da iyayensa suka yi banza da shi, rubuta rahoto, da dogon jira cikin mota wanda ba abin da ke faruwa. Ko wane akawu ko malamin asibiti da ya karanta zai gane wannan, gama ko wane aiki kashi tara cikin goma nasa maimaici ne. Mai littafin ya amince cewa gaskiyar aikin ta isa ta riƙe mai karatu, kuma ta riƙe shi.

Abu na biyu, ya nuna yadda hali ke sakewa a hankali, ba dare ɗaya ba. Farkon aikin Roy an haɗa shi da wani tsohon ɗan sanda mashayi, wanda ya kan ɓoye kwalabarsa cikin akwatin wayar 'yan sanda da ke bakin titi. Roy ya raina shi ƙwarai. Bayan 'yan shekaru sai ga Roy da kansa yana sha a bakin aiki. Mai littafin bai tsaya yin wa'azi a kan wannan ba, ya dai ajiye hotunan biyu nesa da juna, ya bar mai karatu ya haɗa su. Haka kuma sa'ad da aka sa su aikin farin kaya na kamun karuwai da 'yan caca, sai ya zama aikin ba ya yiwuwa sai da ƙarya da shigar burtu. Mutumin da a ke biyansa albashi don ya yi ƙarya da dare, da wuya ya zama mai gaskiya sak da rana. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abu na uku shi ne tsoro. Talaka ya saba jin tsoron ɗan sanda, bai saba tunanin cewa ɗan sanda ma yana jin tsoro ba. Ta bakin Gus littafin ya nuna cewa mai ƙwanƙwasa ƙofa da dare bai san abin da ke bayanta ba, ko tsohuwa ce mai neman taimako, ko bakin bindiga. Wannan tsoro shi ne uwar yawancin zafin hannun da a ke gani, ko da ya ke sanin dalilin abu ba halatta shi ba ne.

Abu na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne yadda mutum biyu suka ƙare. Kilvinsky, gwanin da ya san ko wane lungu da ko wane hali, ya yi ritaya lafiya, amma da aka raba shi da aikin sai ya tarar ba shi da kome a duniya ban da shi, ya kashe kansa. Roy kuwa ya tsira daga harsashin 'yan fashi, ya tsira daga giya, ya tsira daga babbar tarzoma, ya fara shirin sabon zama, sai aka harbe shi ya mutu a wani ɗan ƙaramin kira irin na kullum. Wani zai ce wannan mugunta ce daga mai littafin. Ba mugunta ba ce, sanin aiki ne. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ba zai iya rufe labari da kiɗa da guɗa ba.

Abin Zargi

To, amma fa a shari'a ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Alƙali ya kan duba adalcin mai shaida, ya kuma duba kusancinsa da wanda ya ke yi wa shaidar, shi ya sa malaman Malikiyya ba su karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko da uban mutumin kirki ne. Wambaugh mai shaida ne mai gaskiya, amma ɗan gida ne. Nan aibin littafin ya ke.

Tun daga farko har ƙarshe mai karatu ba ya fita daga motar sintiri. In an shiga gida, tare da ɗan sanda a ke shiga, tare da shi a ke fita. Ba a taɓa barin mai karatu ya zauna cikin ɗakin bayan motar ta tafi ba, ya ga matar da aka tafi da mijinta, ko yaron da aka daka a gaban ƙannensa. Gaskiya ne littafin bai ɓoye miyagun maganganun da waɗansu 'yan sanda ke yi a kan baƙar fata ba, ya kuma tona asirin Roy, wanda ke taƙama da son baƙar fata a baki alhali zuciyarsa ba ta kai bakinsa ba. Duk da haka mutanen unguwa ba su da murya tasu. Su dai abin kallo ne ta tagar mota.

Sunan littafin ma shi kansa abin dubawa ne. Daga bakin Kilvinsky ya fito, inda ya kwatanta 'yan sandan zamaninsa da hafsoshin Rum na ƙarshen zamani, masu tsaron daular da ke rushewa, waɗanda ba mai gode musu. Kwatancin yana da daɗin ji, kuma ba shakka haka masu aikin da yawa su ke ji a ransu. Amma yana da dafi. In ɗan sanda sojan daula ne, to, su wane ne abokan gaba? Ba su wuce mutanen garin da aka ɗauke shi ya tsare ba. Ranar da mai gadi ya fara duban masu gida da idon yaƙi, gidan ya riga ya ɓaci. Mai littafin ya sa wannan magana a bakin mutumin da ya fi kowa kwarjini cikin labarin, bai kuwa kawo wani mai nauyi kamarsa da zai mayar masa da amsa ba.

Inda wannan rashi ya fi fitowa fili shi ne babin tarzomar Watts. Abin da tarihi ya tabbatar ga shi. Ran 11 ga Agusta, 1965, wani ɗan sandan hanya ya tsai da wani saurayi baƙar fata bisa zargin tuƙi cikin maye, gardama ta tashi, jama'a suka taru, wuta ta kama. Aka kwana shida ana yi. Mutum 34 suka mutu, fiye da 1,000 suka yi rauni, aka kama fiye da 3,000, sai da aka kawo soja wajen 14,000 kana ƙura ta lafa. Yawancin waɗanda suka mutu baƙar fata ne, yawancinsu kuma harsashin hukuma ne ya kashe su. Kwamitin bincike da Gwamnan jihar ya kafa ya ambaci rashin aikin yi, da lalacewar makarantu, da ƙiyayyar da ke tsakanin mutanen unguwar da 'yan sanda. A lokacin yawancin masu sintiri a unguwar Turawa ne, ba kuwa nan su ke kwana ba.

Cikin littafin an zana daren tarzomar da gwaninta: hayaƙi, da ƙarar gilashi, da ruɗewar manya, da kuratan nan uku da suka sake haɗuwa cikin mota ɗaya bayan shekara biyar. Nan ne Gus ya gane shi ba matsoraci ba ne. Amma wanda bai san tarihi ba zai rufe littafin yana zaton tarzomar daga sama ta faɗo kamar aradu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, littafin kuwa ya nuna ƙadangaren sarai, bai nuna wanda ya tsaga bangon ba. Abin da aka ƙi dubawa bai tafi ko ina ba. Cikin 1991 aka ɗauki hoton 'yan sandan birnin suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, da kotu ta sallame su cikin 1992 birnin ya sake kamawa da wuta, fiye da mutum 60 suka mutu.

Akwai kuma ƙananan aibobi. Bakin mutanen littafin ba shi da linzami, akwai batsa da ashar da yawa, ba littafin da za a karanta a gaban yara ba ne. Matan 'yan sandan kuwa ba a ba su hakkinsu ba, galibi sun fito ne a matsayin masu mita ko masu jinya, alhali su ne suka fi kowa sanin abin da kaki ke yi wa mai shi.

Abin Da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan mutumin Darki da 'yan sandan Amurka? Ruwansa da yawa, gama tambayar da littafin ya tayar tsohuwa ce a ƙasar nan: shin mai tsaron gari ɗan gari ne ko baƙo, kuma wa ya ke yi wa aiki?

Dā can dogaran Sarki ke kamu. Zamanin Turawa aka kafa 'yan dokan En'e, ga kuma 'yan sandan Gwamnati da aka haɗa su wuri ɗaya cikin 1930. Ɗan doka ɗan ƙasa ne, ya san mai unguwa, ya san gidan kowa, kuma aikin yana da daraja har ɗan Sarki ya kan riƙe shi: Alhaji Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya hau gadon sarauta cikin 1963. Amma sanin gida bai hana zalunci ba, gama 'yan jam'iyyar NEPU sun sha kuka da yadda a ke amfani da 'yan doka a kansu lokacin siyasar farko. Bayan soja sun karɓi mulki cikin 1966 aka soma shirin rushe 'yan doka, aka haɗe su cikin 'yan sandan Nijeriya. Aka warkar da ciwo ɗaya, wani ya fito, domin yanzu a kan kawo mutum daga nesa, wanda ko gaisuwar gari bai iya ba, a ce ya raba gardamar gona.

'Yan sandan Kano kuwa sun ga ranakun da suka fi na Watts muni. Cikin Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya fi ƙarfinsu sai da aka kira soja, hukuma ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Ran 20 ga Janairu, 2012, aka kai wa ofisoshinsu hari da bamabamai cikin yini ɗaya, mutum wajen 185 suka halaka. A ɗaya gefen kuma, cikin Oktoba 2020 samari suka fito a garuruwa da yawa na Nijeriya suna kuka da zaluncin 'yan sandan SARS, har aka rushe sashen ran 11 ga watan. Ga shaida ta wannan gefe, ga ta wancan, ko wace kuwa gaskiya ce.

Makarantar horon manyan 'yan sanda ta ƙasa duka a Wudil ta ke, ƙasa ɗaya da Darki. Ta tare a mazauninta na Wudil cikin 1996, kuma ɗalibanta na farko masu neman digiri sun shiga cikin 2013 suka fita cikin 2018, watau shekara biyar, daidai da tsawon labarin Wambaugh. A can a kan koya wa saurayi doka da fareti da riƙon bindiga. Abin da littafin nan ke koyarwa, wanda ba ya cikin jadawalin ko wace makaranta, shi ne abin da zai sami zuciyar saurayin cikin shekaru biyar na bayan fitarsa. Ya kamata ko wane ɗalibi na can ya karanta shi don ya san ramukan da ke gabansa, ya kuma karanta shi da ido biyu, kada daɗin kwatancin Kilvinsky ya ruɗe shi.

Hukuncin da ya dace da littafin ke nan: shaida ce mai ƙarfi, ba hukunci ba ne. Rabin gaskiya ne, amma rabin da jama'a ba su saba ji ba, sabo da haka yana da tsada. Wanda ya karanta shi ba zai ƙara duban mai kaki kamar gunki marar jini ba. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai kuwa zai zalunci mutanen da ke bayan ƙofa.

Ba fassara shi ne babban abin bukata ba. A ƙasar Kano akwai tsofaffin saje da sufeto da suka yi shekara 35 suna aiki, suna zaune yanzu a ƙofar gida suna jiran fansho, cikinsu cike da labari. Da yawansu sun iya rubutun Hausa, waɗanda ba su iya ba kuwa suna da 'ya'ya, ga kuma ajin yaƙi da jahilci bai rufe ƙofarsa ga kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. In ɗayansu ya ɗauki alƙalami, to, ya faɗi albashin da bai kai ƙarshen wata ba, da ɗakin bariki mai yoyo, da abokin da aka binne, ya faɗi kuma abin da a ke karɓa a bakin hanya da inda ya ke zuwa. Sa'an nan ya yi abin da Wambaugh bai yi ba: ya bar motar ta tafi, ya zauna cikin zauren da aka yi kamun, ya saurari masu gidan har su gama magana. Allah ya sa a sami mai yi.